Koriyar Fitila a Hannun Mama

Yayana injiniya ne, irin mutanen nan da ba sa ganin abu su ƙyale shi. A masana'antarsu suna naɗe bututun hayaƙi da wata roba mai laushi, wadda ke mai da zafin da ke tafiya a banza ya zama lantarki. Da ciwo ya kwantar da Mama, sai ya yanko ƙyallen robar, ya liƙa masa 'yar koriyar fitila kamar ƙwayar wake, ya ɗaura mata a wuyan hannu.

"Ɗumin jikinta ne ke kunna ta," ya ce da ni. "In kin hango kore daga bakin ƙofa, lafiya lau. Ki daina tashin ta kowane minti biyar."

Ban musa ba, ni ce sarkin tsoro a gidanmu.

Ranar farko na kama hannun Mama ta kan robar, fitila ta mutu. Saura kaɗan in zube. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Auta ke nan. Abin nan bambanci yake so, gefe ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi, ko ma wanne ne. Ke da Mama ɗuminku ɗaya. In kin rufe robar da tafinki, dole ta mutu."

Mama ta ce, "Ka ji, ko roba ta san 'yata ce."

Na dawo da keken ɗinkina daidai ƙofar ɗakinta. Ina taka keke, ina satar kallon kore. Wata biyu muna haka.

Ran wata Laraba da rana na ga kamar fitilar ta dushe. Na ce hasken taga ne. Yaya ya hana ni tashin ta, kuma na gaji da a riƙa yi mini dariya, don haka na ƙarasa rigar da ke hannuna. Na ɗauko wata. Da na sake ɗaga kai, sai na ƙanƙance ido kafin in ga koren.

Na shiga. Fanka na juyawa, kofin ruwanta na nan yadda na ajiye shi, fuskarta na kallon bango. Na kama hannunta ta kan robar, sai fitila ta kama tar. Wani daɗi ya rufe ni. Da ɗaya hannun na kira Yaya a waya.

"Fitilar nan ta so ta tsorata ni," na ce masa. "Ta dushe, amma da na riƙe ta sai ta haska. Ban taɓa ganin ta da haske haka ba."

Ina jin ƙarar injinansu.

"Hannunki na kan robar?"

"Ga shi nan a kai."

"Auta, zauna. Ga ni nan zuwa."

Ya kashe waya, sannan maganarsa ta ranar farko ta dawo mini: gefe ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi. Ɗumin nawa ne, sanyin na Mama. Na zauna a bakin gadon. Ban saki hannun ba har ya iso.