Ƙiryar Hajjo

"Rabona ke nan, Bawa? Turmi?"

"Turmin ƙirya ne, Yaya. Gara ba ta cinsa. Jikokinki ma za su yi daka a ciki."

Ni kuwa ina tsugune bakin murhun Hajjo da kasko, wai ɗibar wuta na shigo. Wutata na ci a gida. Amma wace mace za ta ga ƙanin maƙwabciyarta ya sauko daga motar Kalgo da turmi a ka, ta iya zama?

A gonar ubansu can Kalgo akwai wata tsohuwar ƙirya. Da aka raba gado, Bawa ya ɗauki ƙasa, Hajjo ta ce a bar mata itacen. Duk shekara takan bar Gwandu ta je ta tsince 'ya'yan, ta yi daddawa. Da ita ta riƙe marayunta. To, shekarar canjin kuɗi sai Bawa ya ce inuwarta na kashe masa gero. Ya kira masassaƙi, sai da gatari biyu suka dakushe kafin ta faɗi. Rassan, maƙera suka kwashe, don gawayin ƙirya ba ya saurin zama toka. Gindin aka fafe.

"Ka tambaye ni?" in ji Hajjo.

"Da na tambaya, da kin hana."

"Ashe ka san amsar."

Na matsa na shafa turmin. Ja wur, nauyi kamar dutse, amma da sanyi a hannu. Ɗanye ne. Irin wannan a inuwa ake ajiye shi ya bushe a hankali, shi kuwa ya ɗaure shi saman mota cikin ranar bazara. Da na kama bakina, da wataƙila sun shirya. Allah bai yi ni haka ba.

Na ce, "Bawa, wannan zanen na ado ne?"

Tsaga ce, daga baki har gindi. Hajjo ta zuba ruwa moɗa guda, muna kallo ya tsiyaye ƙasa.

"Sai a ɗaure shi da ƙarfe, Yaya. Kuma zan dasa miki wata."

"Ƙirya? Ko kabarina ba za ta yi wa inuwa ba. Kai wa maƙera, su haɗa da sauran. Daga yau ba ni da abin zuwa Kalgo."

"Har da ni?"

Ta ci gaba da iza wuta.

Bawa ya sa takalmansa, ya bar turmin a tsakar gida, ya fita ya buga ƙyauren zaure har ƙasa ta zubo.