Zoben da Ke Ƙarƙashin Motar Auta

Shekara talatin da biyu ina auren mai walda, amma in aka tambaye ni abin da ya fi ƙauna a duniya, ba zan yi ƙarya in ce ni ce ba. Wani zoben ƙarfe ne mai faɗin bakin ƙaramin bokiti. Yana ɗaura shi a ƙarƙashin motocin tsere ya kewaye furofela, doguwar sandar nan da ke juyawa tana kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. In ta karye ana tsakar gudu, zoben ne zai tare ta, kada ta caki ƙasa ta kifar da mota, ko ta huda daɓen motar ta shigo wa direba. Haka ta shigo wa maigidana yana saurayi, shi ya sa har yau yake jan ƙafar hagu.

Kowane zobe sai ya shafa wa cikinsa farin fenti. Bayan tsere ya sauka ramin duba ƙarƙashin mota da ke garejinmu ya taɓa da yatsa. In fentin na nan fes, sandar ba ta karye ba ke nan. Shekara da shekaru fes yake samunsa. Nakan tsokane shi in ce ya ƙare rayuwarsa yana gadin abin da bai taɓa zuwa ba.

Autarmu ce ta gaji haukan tseren mota na gidan. Da ta samu motar kanta, sai ta bi ta tana kwashe duk abin da ke da nauyi, kujerun baya, rediyo, har murfin akwatin gaba.

"Baba, zoben nan fa kilo biyu ne," in ji ta.

"Ko kilo ashirin ne yana nan."

Ta ce to. Ni na haife ta, na san irin wannan to ɗin.

Ranar tsere da safe ubanta ya riga mu tafiya filin. Na shiga gareji neman tsintsiya, sai ga zoben a bayan durom, an naɗe shi da tsumma. Auta na sama tana wanka tana waƙa. Na san in na yi mata magana za ta sake ce min to, ta fita ba shi. Sai na ɗaure zanena, na ɗauki zoben da sifanar ɗaure noti na sauka ramin da motarta ke tsaye a kai.

Ban taɓa shiga ba, kullum daga baki nake miƙa masa fitila. Ashe akwai sanyi a ciki, da shiru. Hasken safiya na zubowa ta tsakanin tayoyi siriri siriri, ƙanshin man inji ya lulluɓe ni, waƙar Auta tana zuwa daga nesa kamar daga wata shekarar. A bango na ga kwanakin da maigida ya rubuta da alli, kowane tsere da layinsa, sun kai tun daga gwiwata har saman kaina. Na tsaya ina kallon cikin motar, na tuna lokacin da yarinyar nan take juyi a cikina, ba inda za ta je ba tare da ni ba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Hannuna ne ya tuna aikin da idona ya daɗe yana gani. Zoben rabi biyu ne, noti huɗu ke haɗa su. Na ɗaura har wuyan hannuna ya ɗauki zafi, ina tsoro ƙarfin tsohuwa ba zai isa ba.

Ba na zuwa kallon tsere, ranar na je. Motoci na wucewa, ni noti huɗu kawai nake gani. A zagaye na shida aka ji ƙara kamar an jefar da tukunya, motar Auta ta yi ta ƙwanƙwasa daga ciki, ta lallaɓa gefen hanya ta tsaya a kan tayoyinta huɗu. Ta fito a fusace ta yar da hular kwano. Sai kuma na ga ta sandare. A hankali ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin motar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da yamma aka jawo motar gida. Maigida ya ja ƙafarsa ya sauka ramin, mu biyu muna tsaye a baki, ba mai kallon wata. Ya miƙo yatsansa sama, duk garin farin fenti.

"Ya riƙe," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma wa ya ɗaura min notin nan baibai? Ni daga sama nake sa su."

Auta ta dubi hannuna, inda sifana ta ɗaye min fata. Ta kama shi da hannu biyu ta ƙi saki.

"Malam, sun riƙe ko ba su riƙe ba?" na ce.

Ya koma can cikin ramin. Sai muka ji ƙarar alli a bango, yana ƙara layin yau.