Saiwar Yangona a Ofishin Farfesa Garnsey

Duk wanda ya ɗauki kwas ɗin Farfesa Garnsey a bidiyo ya san shi, da baƙin gashi. 'Yata Salanieta, wadda muke kira Sala, ta ce tun tana sakandare aka naɗi darussan a bidiyo, su ake maimaitawa kowace shekara, har da wurin da ya yi atishawa. Ɗalibai sukan jira atishawar su yi masa sannu. Aikin da suka rubuta kuwa na'ura ke dubawa, ita ke ba da maki, ita ke kama mai satar amsa. Shi Farfesa sunansa kawai ake gani a saman shafi.

Na'urar nan ce ta ce aikin Sala da na Epeli ɗaya ne.

Epeli ɗan yayata Litia ne. A wurinmu mutanen Fiji, ɗan 'yar'uwarka mace shi ne vasu: abin da ya gani a gidan kawunsa ya yi masa, ya zama nasa. Da al'adar muka taho Sydney. Ya ɗauke mini takalmin zuwa coci, na yi dariya. Ya ɗauke rediyon mota, na yi dariya. Wata Lahadi bayan mun ci rogo da kifi, ya buɗe kwamfutar Sala ya kwafe manhajar da ta yi makonni tana rubutawa, mai nemo hanya mafi kusa tsakanin tashoshin jirgin ƙasa. Don tsabar lalaci ko gyara bai yi ba. Sala ta raɗa wa wani sashe na aikin sunan kyanwarmu, Pusi, haka ya miƙa da Pusi a ciki.

Jami'a ta ce in ba a san wanda ya kwafa ba, su biyun za su faɗi, a kuma rubuta musu satar amsa. Kamfanin da ya yi wa Sala alkawarin horon aiki ba ya ɗaukar mai wannan tabo. Shi kuma Epeli an taɓa kama shi bara, in sunansa ya sake fitowa kora ce. Sala ta ce ba za ta buɗe baki ba, da wane ido za ta kalli Gwaggo Litia?

Na kira Epeli a waya. Ina jin yana tauna wani abu.

"Haba Kawu," in ji shi, "me na rage mata? Nata yana nan a kwamfutarta. Ai takalminka ma ya fi wannan ciwo."

Abinci ya daina shiga cikina. A siton da nake tuƙa motar ɗaga kaya a Blacktown, saura kaɗan in zubar da lodin fenti a kan wani yaro. Daga ƙarshe na ce babban mutum ai babban mutum ne ko'ina. Na sayi damin saiwar yangona mai kyau, irin wanda ake kai wa manya in za a nemi gafara, aka naɗe mini a jarida. Na ɗaura zanen sulu na zuwa coci, na ce wa Sala ta kai ni ofishin Farfesa. Niyyata in roƙa a yafe wa yaran duka biyu.

Mutumin da muka tarar ba gashi a kansa. Yana sanye da gajeren wandon 'yan keke, ƙafa ɗaya a kan kujera, yana cin ganye a roba. Ya ce in kira shi Doug. Da ya ji daga inda muke sai ya daka mana gaisuwarmu ta "Bula!" kamar mai kiran tasi, ya ce a Fiji ya yi hutun amarci, bai taɓa ganin mutane masu fara'a irinmu ba. Ya juya ga Sala ya kira ta Selina.

Na zauna a ƙasa kamar yadda ya dace. Ya tambaya ko bayana ke ciwo. Na ajiye yangonar a gabansa, na tafa hannu, na fara jawabin da na yi ta maimaitawa a jirgin ƙasa. Ban kai rabi ba ya ciro waya, wai ko zan sake tafawar ya ɗauka, mujallar sashensu tana son irin wannan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta aikin nasu?"

"Ɗalibai ɗari huɗu, abokina," ya ce yana sakace haƙori. "Na'ura ta karanta."

Na ce to a kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi bayanin abin da ya rubuta. Ya ce wannan sai an kafa kwamiti, kwamiti kuma ba zai zauna ba sai bayan hutu, lokacin an riga an fitar da sakamako. Maganar yafiya kuwa, babu gurbinta a tsarin. Ya duba agogo. Akwai hanya mai sauƙi, in ji shi: a ba shi suna ɗaya, magana ta ƙare.

Na dubi Sala. Kanta a sunkuye, tana murza igiyar jakarta. Na tuna yadda take zama a teburin kicin, shayi ya huce a gefe, tana faɗa da wannan manhaja, da ranar da manhajar ta fara aiki, yadda Sala ta taka rawa da kyanwa a hannu. Na dubi mutumin da zai yanke mata hukunci, ga ganye maƙale a haƙorinsa.

"Epeli Rokotuni," na ce. "Ɗan 'yar'uwata. A gidana ya kwafa."

Sala ta ce, "Baba," a hankali.

Farfesa ya ce sunan ba zai taimaka ba, lambar ɗalibi yake so. Sala ta nemo masa. Ta kuma buɗe kwamfutarta don ya ga ranakun da ta yi aikin, ya ce ta tura wa sakatariya. Da yatsa biyu ya buga lambar, yana neman kowane maɓalli da ido. Babban malamin kwamfuta ke nan. Ya ce shi ke nan, Selina ta kwantar da hankalinta.

Ya miƙa hannu zai ɗauki damin, wai zai yi kyau kusa da tukunyar furensa. Na riga shi. Na ce ba nasa ba ne, kuskure na yi. Ya yi dariya ya sake cewa "Bula!" Ban tsaya gaya masa cewa ba da ita ake ban kwana ba.

A tasha Sala ta tambaya ko gida za mu. Na ce ita ta sauka a Blacktown, ni zan wuce Mount Druitt.

Na tarar da Litia tana shanya a bayan gida. Ta ga sulu, ta ga damin a hannuna, murmushin ya bar fuskarta. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa a bakin ƙofarta, na ajiye yangonar a gabanta na tafa hannu.