Fatar Saniya a Ƙirjin Baba Ummaru

Likitan baƙo ne, daga waje ya zo, Faransanci kawai yake ji. Baba Ummaru kuwa Hausa da Larabci ne bakinsa. Shi ya sa 'yarsa Sa'adiya ta fasa zuwa makaranta ta rako shi asibiti. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidansu na unguwar Diguel, babu wani da za a aika.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi masa aiki a ƙasar waje, aka cire ƙofar babbar jijiyar zuciyarsa da ta lalace, aka ɗinka masa wata da aka yi da fatar zuciyar saniya. Mahautan kasuwa har yau tsokanarsa suke yi, wai ya yanka shanu ya gaji, ga ɗaya ta shige ƙirjinsa ta kwanta. Shi ma dariya yake yi. Amma bana in ya ɗaga cinyar saniya zuwa kan teburi, sai ya dafa bango yana haki.

Likitan ya daɗe yana kallon hoton zuciyar, sannan ya yi magana a hankali. Ita yake kallo, ba Baba ba.

Sa'adiya ta juya wajensa. “Baba, ya ce ƙofar ta tsufa, ta yi tauri, jini ba ya wucewa sosai. Sai an sake.”

“To a sake mana. Shanu sun ƙare ne?”

“Ya ce iri biyu ne. Ta ƙarfe ba ta tsufa. Amma kullum sai ka sha maganin tsinka jini, har ƙarshen rai. In ka yanke, jinin zai daɗe bai tsaya ba.”

Baba ya juya hannuwansa a kan gwiwa. Duk yatsun tabo ne, akwai ma wani sabo a gindin babban yatsa.

“Wato in ajiye wuƙa.”

“Ya ce ya fi.”

“Ta saniya fa?”

Ta so ta ce babu ita. Wa zai sani? Amma ta faɗa. “Ita ba magani. Sai dai za ta sake tsufa kamar wannan. Kuma ya ce aiki na uku ya fi haɗari, a lokacin ka manyanta.”

“Uwata,” haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, “in na zauna a gida, da wa zan yi hira? Da kaji? Tun ban kai ki ba nake kasuwa.”

“Da ni,” ta ce, muryarta can ƙasa.

“Ke da kike kwana cikin littafi? Gobe jami'a, jibi aure.” Ya yi dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ya ce, “Ce masa ta saniya. Kalas, magana ta ƙare.”

Likitan ya ɗaga alƙalami yana jira. Sa'adiya ta ga za ta iya ce masa ta ƙarfe. Kalma ɗaya ce a Faransanci. Baba ba zai gane ba sai ya farka daga aiki, ya ji abu yana ƙas-ƙas a ƙirjinsa. Zai yi fushi, ƙila ya daina kiranta Uwata, amma zai rayu yana fushin. Ta dube shi. Yana shafa sabon tabon nan da ɗan yatsa, hankalinsa kwance, ya riga ya bar mata maganar.

“Ta saniya,” ta ce wa likitan.

“Ya fahimci abin da na ce game da aiki na uku?”

“Ya fahimta.”

“Ke fa, kin yarda?”

“Ba ni ba ce marar lafiyar,” ta ce. Sai daga baya ta ji kunyar yadda maganar ta fito.

A bakin ƙofar asibiti Baba ya ce shi kasuwa ya nufa, ya bar Idi abokin sana'arsa da nama tun safe. Ya hau babur ɗin haya, tun kafin su tashi ya fara tsokanar mai babur da Larabci.

Sa'adiya ta tsaya har suka sha kwana. Ta lissafa shekarunta a lokacin da sabuwar ƙofar za ta fara tauri, sai ta daina. Makaranta ba a tashi ba tukuna, gida kuma babu kowa. Ta zauna a kan benci kusa da wata mata mai sayar da shayi, ta rungume jakarta. Matar ta tambaye ta da Larabci ko wani take jira.

Ta ce a'a.