Saniyar Ranar Suna

Yahaya ya baro biro, ofishin da yake aiki, ba tare da neman izini ba, abin da kan ci aikin mutum a wannan zamani na soja. Ya gangaro daga unguwar Plateau, ya haye gada zuwa unguwar Harobanda, zuciyarsa sai tsalle take. An ce masa wansa Illo ya iso daga Tahoua cikin makiyayan da fari ya koro, kuma gobe sojoji za su loda su a kamiyo, manyan motocin kaya, su fitar da su daga gari.

Tausayi ne ya kamata ya ji. Amma gaskiya daɗi yake ji, daɗi mai ban kunya. Tun ranar da Illo ya yi masa dariya gaban dangi, ya nuna garkensa ya ce, "Albashi ba ya haihuwa, ɗan boko," Yahaya ke ajiye da amsa a bakinsa.

Ya same shi a bakin kogi, mahauta sun kewaye shi suna taya saniya guda da kuɗin kaza. Ƙashin haƙarƙarinta duk a waje, tana tauna kwali. Illo kansa bai fi ta nama ba.

Ko gaisuwa ba su gama ba maganar ta kuɓuce wa Yahaya, har da ɗan murmushi.

"To Yaya, ina masu haihuwar?"

Illo ya dube shi, bai yi fushi ba. "Suna hanya, ungulu na ci." Ya kwance igiya daga hannunsa. "Wannan ba tawa ba ce, shi ya sa na hana mahauta. Jikar karsanar da Baba ya ba ka ranar sunanka ce. Da ciyawa ta ƙare, jinkar ɗakina na kwance mata. Karɓi abinka, in samu in tafi."

Ya danƙa masa igiyar, ya saɓa sandarsa, ya nufi inda sojoji ke tara mutane.

Yahaya ya tsaya da igiya a hannu, murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya san ko zai kwana yana roƙo, Illo ba zai taka gidansa a matsayin mai cin arziki ba, balle yanzu.

"Yaya!" ya ɗaga murya. "Ta ƙi tafiya. Ni ban iya jan saniya ba. Sai ka kai min ita gida."

Illo ya tsaya. Sannan ya dawo ya karɓi igiyar.

"Ɗan boko," ya ce a hankali. "Wuce gaba, nuna mana hanya."