Baƙin Hayaƙin Motar Malam Muttaka

Duk mai bin hanyar Ƙanƙara zuwa 'Yankara ya san a-kori-kurar Malam Muttaka, in bai san ta da ido ba ya san ta da kunne. Tsohuwa ce tukuf, ƙofar fasinja ma da igiya ake ɗaure ta, amma shekara ashirin da biyu tana kwasar masara da dawa daga gonakin Pauwa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Da ita ya yi ɗakunan bulo, da ita ya aurar da 'ya'ya. In 'yan tasha suka tsokane shi da cewa ya kai ta gidan tarihi, sai ya shafi bonet ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani.

Sai a shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo ita ma ta ga damar koyon haɗama. Man da ke kai shi 'Yankara har ya yi saura, yanzu tun bai hango rumfunan kasuwa ba take fara shessheƙa. Allurar mai ta daɗe da mutuwa, amma ido ba mudu ba ne ya san ƙima. Malam Muttaka ya san motarsa na shan ninkin abin da ta saba, kuma ya san in aka ci gaba a haka dole ya rabu da ita.

Ba dabarar da bai yi ba. Kullum safiya sai ya ƙara wa tayoyi iska. Ya rage lodi da buhu biyu, ya sauke tsohon ƙarfen da ke kan rufi, ya daina sayen man 'yan bumburutu ko da kananzir suke haɗa shi. Totur kuwa lallaɓa shi yake kamar mai taka ƙwai, in ya zo gangare ya kashe inji ya bar ta ta sulala. Duk a banza. Baƙin hayaƙi kawai take turnuƙewa da shi, har masu babur da ke bayansa suna toshe hanci suna yi masa Allah ya isa.

Mutum ɗaya ne ke buɗe bonet ɗin motar nan tun ranar da aka saye ta, Gide bakanike. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare suka sha bulala a makarantar allo. A da in Muttaka ya kai mota gareji, kan benci yake zama yana zagin aikin Gide, shi kuma yana ramawa. To amma shekara biyu ke nan da Salim ɗan Gide ya auri Shafa'atu, autar Malam Muttaka, kuma tun daga ranar ɗaurin aure abota ta koma surukuta. Aka daina kiran suna gatsal, aka koma Malam Muttaka da Malam Gide. Wa zai tsaya a kan surukinsa yana leƙen abin da hannunsa ke yi? Sai ya ajiye mota, su gaisa ido a ƙasa, ya bar mabuɗi ya yi tafiyarsa. Kai ta wurin wani bakanike kuwa, a Ƙanƙara, daidai yake da tsayawa tsakiyar kasuwa ya ce bai yarda da uban mijin ɗiyarsa ba.

Sau huɗu yana kai ta, sau huɗu tana dawowa da ƙishinta. A na ƙarshe Gide ya goge hannu da tsumma ya girgiza kai.

"Malam Muttaka, gaskiya ɗaya ce. Injin ga ya gaji. Ba hilogi ba ne, ba kabireta ba ce, tsuhwa ne. Ka rabu da ita tun tana da sauran daraja."

Malam Muttaka ya ƙi. Ya ci gaba da lallaɓawa har ranar da mai ya ƙare masa bayan la'asar tsakanin Faskari da 'Yankara, daidai wurin da ko tsayawa fitsari direbobi ba sa yi don tsoron 'yan bindiga. Fasinjojinsa biyu suka dire suka bi wani mai babur. Shi kaɗai ya zauna a gindin taya yana karanto duk addu'ar da ya sani, yana kallon bakin daji, har Allah ya kawo wata motar itace ta sam masa mai a gora. Da ya isa gida ya tarar Lauratu matarsa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce ita dai miji take so, ba mota ba.

Kwana biyu bayan nan Rabo dillali ya zo da maganar mai saye. Bai faɗi suna ba, ya ce mutumin ba ya son a san shi sai an gama, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ciniki. Tayin bai fi na ƙarfen bola da yawa ba. Amma motar da bakanikenta da bakinsa ya ce ta mutu, wa zai taya ta da tsada? A ƙofar masallaci, gaban liman da dattawa uku, Malam Muttaka ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Alfarma ɗaya ya roƙa, a bar masa ita kwana uku ya kai wata masara Sabuwa da ya riga ya yi wa mai ita alkawari.

A Sabuwa, yana gama sauke buhu na ƙarshe, ta ƙi tashi. Aka tura, aka sake turawa, sai warin ɗanyen fetur. Gide na can nesa, rana kuma ba ta jira, ga hanya ba ta yamma ba. A dole ya bari aka kira masa wani Yahya mai gareji a bayan tasha, mutum siriri marar yawan magana. Malam Muttaka har yana jin nauyi, kamar wanda zai ci amanar wani.

"Kada ka wahal da kanka," ya ce masa. "Ka dai tashe ta ta kai ni gida. Injin ya gaji."

Yahya ya zare filogi ɗaya ya duba, baƙi ƙirin da shi. Ya sa yatsa a bakin salansa ya shafo.

"Baba, wane irin hayaƙi take yi?"

"Baƙi."

"To injin da ya gaji ba baƙin hayaƙi yake ba, shuɗi-shuɗi yake yi, don baƙin mai yake ƙonawa. Wannan fetur ne ke mata yawa."

Ya kwance tukunyar iska da ke kan kabireta, ya leƙa. Sannan ya matsa gefe ya ce Malam Muttaka ya zo ya gani da idonsa. A maƙogwaron kabireta akwai wani ɗan marfi da ake rufewa da sanyin safiya don inji ya tashi, in ya yi zafi a buɗe shi iska ta shiga. An sa siririyar wayar tagulla an ɗaure shi rabi a rufe, an murɗa bakinta tsaf an lanƙwasa shi ƙasa inda ido ba zai kai ba. Yahya ya ƙara kwance wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa, wanda fetur ke bi ta raminsa, ya ɗaga shi a rana. An yashe ramin an faɗaɗa shi.

"Ko ba kuskure ba ne?" Malam Muttaka ya tambaya. Shi kansa ya ji muryarsa ta canza.

"Kuskure ba ya murɗa waya haka, Baba. Wanda ya yi wannan gwani ne. Wa ke maka aiki?"

Malam Muttaka ya kau da kai ya dubi titi. Yahya ma bai sake tambaya ba. Ya yanke wayar, ya sa wani ɗan ƙarfen daga cikin gwangwanin tarkacensa, ya wanke filogai da fetur. Murɗa mabuɗi ɗaya ta tashi, da irin muryar da ya shekara bai ji ba.

Tafiyar komawa ita ta fi komai ciwo. Mota na gudu lafiya lau, madubi fes ba hayaƙi. Da ya zo wurin da mai ya taɓa ƙare masa sai da ya juya ya dubi bakin dajin. Ashe Gide ya san hanyar da yake bi, ya san abin da ke cikin dajin nan, ya kuma ɗaura wayarsa. Ya iso Ƙanƙara da jarkar da ya tanada ta ko-ta-kwana ko buɗe ta bai yi ba.

Lauratu na jin labari ta miƙe tsaye.

"Wallahi ba a yi cinikin ga ba! Algus ne, Malam. Ka tahi wurin liman ka hwaɗa mashi. Kunyar marar kunya ai asara ce."

Ya yarda da ita, har ya sa takalmi. Sai ga sallamar Shafa'atu, ta shigo da tsohon cikinta tana haki tana dariya, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, albishirinka. Salim zai bar acaɓa. Baba Gide ya saya mashi mota, gobe za a kawo. Ya ce tsohuwa ce amma injinta garau yake, shi da kanshi zai gyara ta. Ni dai na huta da zullumin babur ɗin ga."

Ba ta san komai ba, fuskarta ta nuna. Lauratu ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. In ya je wurin liman, gobe duk Ƙanƙara ta san surukin Shafa'atu maci amana ne, kuma a gidan mutumin za ta koma ta haihu, a tukunyarsu za ta ci. Ya dubi ɗiyarsa ya ce Allah ya sa alheri, ya cire takalminsa.

Da hantsi Rabo dillali ya iso da liman da dattawan da suka yi shaida. Gide na biye da su da ƙaramar jakar kayan aiki, wai mai saye ya roƙe shi ya duba motar kafin a karɓa. Suka gaisa kamar kullum, aka tambayi iyali. Gide ya ɗaga bonet, ya kwance tukunyar iska da saurin wanda ya san abin da ya zo cirewa. Sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a sunkuye, gumi na tsattsafowa a ƙeyarsa.

Malam Muttaka ya matso kusa da shi, inda dattawa ba za su ji ba. Rabonsa da tsayawa a kan aikin mutumin nan shekara biyu.

"Ba sai ka wahala ba, an riga an gyara maka a Sabuwa."

Gide bai ɗago ba.

"Gide," ya ce, ba Malam. "Yaron ga mijin ɗiyata ne. Da ka zo ka ce mani shi kake nema ma mota, mi zai hana in miƙa maka mabuɗi? Amma ka bar ni a bakin daji."

Gide ya ƙara sunkuyar da kai cikin inji. Daga bayansu liman ya ɗaga murya yana tambaya ko an ga wata matsala.

"Babu, Malam," in ji Malam Muttaka. "Lahiyarta lau."

Ya ajiye mabuɗin a kan bonet maimakon ya sa a hannun kowa, ya shige gida ya turo ƙofa. Yana tsaye a zaure ya ji an tashe ta, bugu ɗaya.