Ɗigon Jan Farce a Kan Noti

Marigayi Mai Gilashi, wanda ya buɗe shago na farko a layinmu na masu gyaran kwamfuta, shi ne ya fara ɗiga jan farce a kan noti. Ya yi hakan ne a shekarar da kayan cikin kwamfuta suka fara wuya, har ya zamana mutum zai kawo gyara da kayansa masu kyau, ya koma gida da tarkacen wani. Ƙa'idar da ya kafa gajeriya ce. Mai kaya zai zo da kwalbarsa ta jan farce, a buɗe na'urar a gabansa, ya ɗiga da hannunsa a kan kowane notin da ke riƙe da abu mai daraja, sannan ya koma gida da kwalbar. Duk notin da aka kwance, ɗigonsa zai tsage. Wanda aka samu da tsagaggen ɗigo a inda ba a sa shi aiki ba, sai ya ajiye makullin shago ya bar layin. A kan wannan ƙa'ida na gaji shugabanci, kuma a kanta na taɓa sallamar abokin tasowata.

Bana katin girafik ne ya ɓace, wato katin da ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo a cikin kwamfuta. Wasu sun ce manyan kamfanoni ne suka kwashe, wasu sun ce dillalai ne suka ɓoye. Farashin safe dai ba shi ne na yamma ba. Masu shago suka cire katunan daga gilashin nuni, suka bar kwalaye wayam. Wanda a da yake barin shagonsa a buɗe ya tafi cin abinci, yanzu sai ya datse, ya ja kwaɗon ya sake ja.

A wannan yanayi surukina, mijin babbar 'yata, ya zo aiki a kan sabon babur. Na tambaye shi inda ya samo shi, ya ce, "Baba, rufin asiri ne." Na ajiye maganar a raina.

Ba a daɗe ba Mai Bidiyo ta shigo ofishina. Mace ce mai haɗa bidiyon taro da tallace-tallace, ta daɗe tana hulɗa da layinmu. Ƙaninta Auta, ƙato mai gemu, yana biye da ita rungume da kwamfutar.

"Shugaba, surukinka ya yanke ni," ta ce tun kafin ta zauna. "Akwatin da ke ba kwamfutar wuta kawai na ce ya canza. Yanzu aikin da nake gamawa kafin shayi ya huce, sai na wuni ina kallonsa. Na kai wani wuri an duba, ba tare da an kwance katin ba. Murfi da fanka nawa ne, amma allon da ke ƙasa na wani tsohon kati ne da ko kyauta ba na so."

Na aika a kira surukina, da Mai Dalma, dattijon da ke maƙwabtaka da shi, domin ba a shari'ar layi sai da shaida. Kafin su iso, bakin ƙofa ya cika. Na ji wani yana cewa, "Yau za mu ga ko ƙa'ida ta san suruki."

Surukina ya shigo yana goge hannu da tsumma. Na ce ya ɗora makullin shagonsa a kan tebur, kamar yadda aka saba. Ya ɗora. Makullin babur na maƙale a zobe ɗaya da na shagon, kowa kuma ya gani.

"Baba, wallahi ko ƙurar katin ban hure ba."

"A nan ba Baba nake ba. An yi ɗigo?"

"An yi," in ji Mai Bidiyo. "Da hannuna."

Aka buɗe. Ɗigo na nan a kan notunan murfin katin, kore mai ƙyalƙyali, ba tsaga ko ɗaya.

Mai Dalma ya yi dariya. "Jan farce kuma kore! Duniya ta zo ƙarshe, har launi ya daina cika alkawari."

"Ka ga ni," in ji surukina, "ɗigo lafiya lau."

"Lafiya lau, kati kuma ya yi fiffike?" Auta ya tsoma baki. "Ai ku masu gyara kun san hanyar shiga ɗaki ba ta ƙofa ba."

Na ɗauko gilashin ƙara girma da Marigayi ya bar mini, na ja fitila kusa. A ƙarƙashin kowane ɗigo akwai wani ɗigon, tsoho, tsagagge. An kwance notunan, an ɗaure, an sake ɗigawa a kai. Na faɗi abin da na gani. Surukina ya dubi makullinsa. Ni kuwa na tuna 'yata da jikokina, na tuna baburin, na ji zuciyata ta riga ta yanke masa hukunci. Sai dai Marigayi bai taɓa sallamar mutum ba tare da ya nemi kwalba ba, ni ma ban ga dalilin farawa ba.

"Na sama da na ƙasa launi ɗaya ne, har ƙyalƙyalin," na ce. "A ina ake sayar da irinsa?"

"Ba a sayarwa a nan," ta amsa da alfahari. "Tsaraba aka kawo mini daga nesa. Na zaɓe shi ne don na san ba mai irinsa."

"Kin bar kwalbar a shago?"

"Ni? A jakata na mayar, na kai gida. Tana kan madubina."

"Wa ya karɓo na'urar bayan gyara?"

"Auta. Ina wajen aiki a lokacin, sai da na dawo na..."

Ba ta ƙarasa ba. Mai Dalma ya gyara zama, ya dubi Auta sama da ƙasa.

"Ɗan samari, ba kai ne ka zo kana tambayata nawa ake sayen irin wannan katin na hannu ba? Na ce maka ya fi kuɗin hayar shagona, ka ce tambaya ce kawai?"

"Kowa ma yana tambaya, Baba. Tambaya laifi ce?"

"A'a. Amma kai kaɗai ka tambaye ni wane sukundireba ke kwance murfinsa."

Mai Bidiyo ta juya a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta. Sabuwar wayar nan da ka ce abokinka ya ara maka, wane aboki?"

Ya ce zafi ya yi yawa a ɗakin, zai sha iska. 'Yan bakin ƙofa suka buɗa masa hanya, wani ya ce ya gaida abokin. Har aka watse bai gama shan iskar ba.

Mai Bidiyo ta ba surukina haƙuri a gaban jama'a, shi kuma ya ce zai taya ta cigiyar katin a wurin dillalai. An yi cigiyar, amma a irin wannan shekara abin da ya shiga hannun dillali da safe ya canza gida kafin azahar.

Ga abin da ya rage a hannun kowa. Surukina ya riƙe makullinsa da sunansa, 'yata ta riƙe mutuncin gidanta. Mai Bidiyo ta koma da murfi da fanka na asali a kan allon da ba nata ba, tana jiran ranar da farashi zai sauko, ta kuma sa wa ɗakinta kwaɗo. Ƙa'idar Marigayi ta samu ƙarin sharaɗi guda, wanda na sanar a taron layi: kwalba ba ta kwana inda ɗan gida zai kai hannu. Batun babur kuwa, har yau ba a gaya mini inda ya fito ba, ni ma ban daina lura ba.